Darasin Jiki a Rumfar Mahauta

Ranar Alhamis kasuwar Shinkafi take ci, kuma duk yaron da aka taɓa aika sayen nama a rumfar mahauta ya halarci wani darasi da ba a biya masa kuɗin makaranta, sai dai bai san darasi ba ne. Mahauci ba ya sara inda ya ga dama. Idan ya ɗora cinyar sa a kan tebur, sai ya laluba da ɗan yatsa har ya samu wani farin tantani da ya raba wannan curin tsoka da wancan, ya sa bakin wuƙa ya bi shi, naman ya rabu kamar da ma jira yake. Ya ware kitse gefe guda. Ya zare agara ya jefa cikin tarkacen farfesu. Ya fasa ƙashi da gatari, ɓargo ya leƙo. Tumbi da hanji da huhu kuwa suna can cikin wani daro, kuɗinsu ma daban. Mai saye ya ce a ba shi tsoka zalla, kada a cika masa jijiya, mahaucin ya yi dariya ya ce ai dabba ba da tsoka kaɗai take tafiya ba.

Gaskiyarsa. Kuma abin da ke kan teburin nan, in aka cire ƙaho da kofato, shi ne ke cikin rigar yaron da aka aiko.

A ajin bayoloji na babbar sakandare, sunan wannan darasi tishu. Da malami ya ambaci kalmar sai 'yan bayan aji su hau murmushi, domin tishun da suka sani shi ne na goge hannu a gidan abinci. Ba su ɓata nisa ba. Asalin kalmar Faransanci ce, ma'anarta abin da aka saƙa, saboda haka Bahaushe bai yi kuskure ba in ya ce saƙa. An gina jiki da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Idan masu kama ɗaya suka taru a kan aiki ɗaya, sun zama saƙa guda, kamar yadda zare ke taruwa a hannun masaƙi ya zama ƙyalle. Saƙa biyu ko uku ko huɗu su haɗu su ba da zuciya, ko ƙoda, ko ciki.

Wani likitan Faransa mai suna Xavier Bichat, wanda ya mutu a 1802 yana da shekara 30 kacal, shi ne ya kafa wannan fanni a Turai. Ya lissafa saƙa iri 21, kuma bai dogara da madubin ƙara girma ba. Da wuƙa ya yi aikin, da jiƙawa da dafawa, wato da kayan aikin mahauci da na mai farfesu. Fiye da shekara 700 kafin shi, Ibn Sina ya riga ya ware ƙashi da guringuntsi da jijiyoyi da tantani da tsoka a matsayin tubalan da ake haɗa sauran gaɓoɓi da su. Da madubi ya inganta sai masana suka tattara lissafin ya dawo gida huɗu: saƙar shimfiɗa, saƙar haɗi, tsoka, da saƙar saƙo.

Wannan jerin ne WAEC da NECO ke tambaya, kuma ɗalibi yakan haddace shi daren jarrabawa ya zubar da shi da safe a bakin ƙofar aji. Tambayar da rayuwa ke yi daban ce: idan an ɓata wannan saƙa, tana ɗinke kanta ko ba ta ɗinkewa? Saƙa huɗun nan ba ɗaya suke ba wajen yafiya. Akwai wadda ke manta rauni cikin kwana uku, akwai mai buƙatar wata biyu, akwai kuma wadda in ta yage ta yage ke nan har kabari. Matashin da ya san wace ce wace zai san inda zai yi wasa da jikinsa da inda wasa ya ƙare.

Mafi yafiya ita ce saƙar shimfiɗa. Ita ce ke rufe duk inda jiki ya haɗu da duniya, waje da ciki: saman fata, cikin baki, maƙogwaro, hanyar numfashi, cikin hanji, mafitsara. Ƙwayoyinta a matse suke kamar jerin bulo, ba su bar kafa ba, kuma babu jijiyar jini a cikinta, daga saƙar da ke ƙarƙashinta take samun abinci. Gumi da miyau da ruwan nono duk daga ƙananan masana'antun da wannan saƙa ta gina suke fitowa. Wanda shayi ya ƙone wa harshe ranar Litinin yakan manta kafin Juma'a. Shimfiɗar cikin hanji takan sake sabuwa cikin kwana 3 zuwa 5, saman fata kuwa cikin kamar wata guda. Furfurin da hunturu ke sa wa ƙafar yaro matattun ƙwayoyi ne da suka gama aikinsu suna kakkaɓewa.

Amma saurin warkewa bai sa ta zama abin wulaƙantawa ba, domin ita ce katangar gida, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ne maganar man bilicin ta shigo, wanda yanzu ba 'yan mata kaɗai ke shafa shi ba, har da samari. Baƙin da ke cikin fata ba datti ba ne, wani sinadari ne da jiki ke yi don ya tare zafin rana, kuma mutumin Zurmi da ke wuni a fili a watan Afrilu ya fi Bature buƙatarsa nesa ba kusa ba. Da yawa daga mayukan nan suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi da ke sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, ciwo ya ƙi warkewa. Wasu har da sinadarin makuri a ciki, wanda ke ratsa fata ya je ya lalata ƙoda. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu, amma suna nan jere a shaguna. Budurwar da ke shafawa yau ita ce gobe za a yi wa tiyatar haihuwa, likita ya zo ɗinki ya tarar da fata tana yagewa kamar tsohon zane.

Haka nan ƙuna. Idan ruwan zafi ya zube wa ƙaramin yaro, gida kan rikice, wannan ta kawo makilin, waccan ta fasa ƙwai, wani ya ce a shafa manja. Duk ba su ba ne. Ruwa mai sanyi, mai tsabta, a yi ta zubawa har kusan minti 20, sannan a rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti. Ruwan ne ke janye zafin kafin ya ci zuwa saƙar ƙasa, inda tabo yake farawa.

Tabo shi ne iyakar gida na farko da na biyu. Wanzami yakan aske kan mutum duk mako shekara da shekaru bai bar masa alama ba, amma tsagar da ya yi wa dattijon Bagobiri ko Bazamfare a fuska yana jariri tana nan har tsufa. Aska ɗaya ce. Bambancin shi ne tsagar ta wuce shimfiɗa ta shiga saƙar haɗi, ita kuwa ba ta mayar da abin da aka ɗauke daidai yadda yake, cike gurbin take yi da wani zare mai tauri.

Saƙar haɗi ita ce gidan gandu a cikin huɗun, mai 'ya'ya da yawa da ba su yi kama da juna ba. Ƙashi ɗanta ne, guringuntsi ɗanta ne, haka agara, haka kitse, haka farin tantanin nan da mahauci ke bi da wuƙa, har ma da jini. Abin da ya haɗa su shi ne ƙwayoyinsu a warwatse suke cikin wani abu da suka kewaye kansu da shi: a ƙashi abin ya sandare kamar siminti, a guringuntsi ya zama kamar roba, a jini kuwa ruwa ne. Zaren da ke ɗaure mafi yawansu sunansa kolajin, kuma duk wanda ya taɓa barin farfesun ƙafar sa ko na ganda ya kwana a lokacin sanyi ya gan shi, shi ne romon nan da ke daskarewa yana rawa a cikin tukunya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin da ke jikin mutum kolajin ne. Jiki ba ya iya murza wannan zare da kyau sai da bitamin C, shi ya sa wanda ya daɗe bai ga gwaiba ko lemo ko tumatir ko 'ya'yan kuka ba dasashinsa kan yi jini, rauninsa kuma ya daɗe a buɗe.

Ƙasusuwa 206 na babban mutum ba sanduna ba ne, rayayyu ne, suna shan jini, ana rushe su ana sake gina su a hankali duk tsawon rai. Shi ya sa karaya take ɗoruwa. Maɗori ba shi ke haɗa ƙashi ba, likita ma ba shi ke haɗawa ba, dukansu saita shi suke yi su hana shi motsi, ƙashin ya haɗa kansa cikin mako 6 zuwa 12. Akwai maɗora masu gado da hannu mai kyau, ba a musun wannan. Haɗarin yana wurin ɗauri. Hannun da ya karye kumbura yake yi, in kuma an zagaye shi da karare an tamke tamau, kumburin ba shi da wurin zuwa sai ya danne jijiyoyin jini. Tsokar da jini ya daina kai mata takan fara mutuwa cikin sa'o'i 6 zuwa 8. Yaron da ya faɗo daga mangwaro ko daga jaki, aka ɗaure shi, sai ciwo ya ƙaru maimakon ya ragu, yatsu suka yi sanyi, suka yi nauyi, suka fara sauya launi, wannan ba alamar magani na aiki ba ce. A kwance ɗaurin nan take a tafi babban asibitin Ƙaura Namoda ko na Shinkafi ko na Zurmi. Likitocin ƙashi a Arewa sun yanke hannayen yara da dama waɗanda karayarsu ƙarama ce, ɗaurin ne ya kashe hannun.

Guringuntsi ƙanen ƙashi ne amma bai gaji halinsa ba. Ba shi da jijiyar jini, saboda haka in ya goge ko ya yage a gwiwa, da ƙyar yake komawa. 'Yan ƙwallon unguwa da ke murguɗe gwiwa su sha ƙwaya su koma fili washegari bashi suke ci, kuma gwiwa ba ta yafe bashi, jira take yi mutum ya kai arba'in.

Jini kuwa kullum cikin sabuntawa yake. Babban mutum yana ɗauke da kamar lita 5, jan ƙwayar jini tana yin kwana 120 ta mutu, ɓargo kuma yana ƙera sababbi wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Wannan ya isa amsa ga saurayin da ake roƙo ya ba matar wansa jini a ɗakin haihuwa ya hau kame-kame wai jininsa zai ƙare. Ba zai ƙare ba, cikin 'yan makonni ɓargo ya mayar. Masu buƙatar a tausaya wa jininsu su ne yaran da zazzaɓin cizon sauro ke farfasa wa jajayen ƙwayoyi duk damina, da 'yan matan da ke rasa jini duk wata ba tare da sun samu wake da zogale da hanta sun cike gurbin ba. Sai kuma sikila, wadda ba ta da alaƙa da maita ko iska: gado ce daga uwa da uba. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Gwajin ba ya ɗaukar wuni guda, kuma lokacinsa kafin a kai kuɗin gaisuwa ne, ba bayan an sa rana ba.

Tsoka ita ce kowa ya fi sani, tunda ita ake ci. Iri uku ce. Akwai wadda ke manne da ƙashi, irin ta kilishi da tsire, mai bin umarnin mai ita, fiye da 600 a jiki. Akwai ta bangon hanji da tumbi da mahaifa da jijiyoyin jini, wadda ba ta neman izinin kowa, tana tura tuwo gaba ko mutum yana barci. Sai ta zuciya, ita kaɗai a ajinta, mai bugawa wajen sau 100,000 a wuni da kwana. Ta farkon tana son wahala: ɗan dambe, ɗan kokawa, manomi mai huɗa, mai ɗaukar buhu a tasha, duk aikin ne ya gina su. Ƙananan zaruruwa kan yi rauni a lokacin aiki, jiki ya gyara su da daddare su fi da kauri, muddin akwai abinci da barci. Ciwon da ake ji bayan aiki saƙo ne cewa a dakata. Tiramol ba ya gyara tsoka, bakin ɗan aiken kawai yake toshewa, mutum ya ci gaba da yaga abin da ke roƙon hutu. Tsokar zuciya kuwa ba ta cikin masu yafiya. Inda ya mutu a cikinta tabo ne ke maye gurbinsa, tabo kuma ba ya bugawa.

Tsoka rumbu ce kuma. Idan abinci ya yanke, jiki yakan cinye kitsensa, sannan ya juya kan tsokarsa. Wannan ne dalilin da ma'aikatan lafiya ke zagaya damtsen yaro da ɗan tef mai launi uku maimakon su tambayi uwarsa ko yana cin abinci: in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, rumbun ya kusa ƙarewa. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya ta jihar Zamfara sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan 97,000 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da ɗaya cikin kowane huɗu yana fama da tamowa. Babu wanda ke yankin da ke buƙatar a gaya masa dalili, ya san gonakin da aka daina zuwa da ƙauyukan da aka tashi. Abin da ya kamata matashi ya riƙe shi ne ɗan ƙullin gyaɗar nan da ake ba yaro mai tamowa magani ne da aka auna daidai da nauyinsa. Wan da ya karɓe shi ya shanye, ko ya kai kasuwa, tsokar ƙanensa ya ci.

Saura gida na huɗu, inda Hausa kanta take rikita ɗalibi. Kalmar jijiya abu uku take ɗauka: bututun da jini ke bi, igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma farin zaren da ke kai saƙo. Na ukun nan, tare da laka da ƙwaƙwalwa, su ne saƙar saƙo. Mutanen Zamfara sun fi kowa sauƙin fahimtar aikinta, domin sun ga watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Wayoyi lafiyarsu ƙalau, caji cike, kati a ciki, amma ba mai jin wani, har mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don su yi kira ɗaya. Haka ƙafar wanda lakarsa ta tsinke take: ƙashi lafiya, tsoka lafiya, jini yana gudu, saƙo ne ba ya isowa. Bambancin kawai shi ne layukan waya sun dawo.

Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin saƙo wajen biliyan 86, kuma saƙo kan yi gudun da ya kai mita 100 a daƙiƙa guda a wasu jijiyoyin, shi ya sa ƙafa ke ɗagawa daga kan ƙaya kafin mai ita ya ce wash. Amma wannan saƙa mai sauri ita ce mafi rowa wajen gyara. Jijiyar hannu ko ta ƙafa in ta yanke aka haɗa ta, tana iya tsirowa kamar milimita 1 a rana, wato watanni kafin ta kai yatsa. Ƙwayar da ta mutu a laka ko a ƙwaƙwalwa kuwa, a mafi yawan lokuta, ba ta da magaji.

Yankin nan ya biya kuɗin wannan darasi da tsada. A ƙarshen 2016 sanƙarau ya ɓulla a ƙaramar hukumar Zurmi, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da wasu jihohi, kafin tsakiyar 2017 an ƙirga mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 sun rasu, kuma yara da matasa ne suka fi yawa. Ƙwayar cutar a hanci da maƙogwaro take zama. Ƙurar hunturu da bushewar bazara kan raunata shimfiɗar wurin, ta samu kafa ta shiga jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ga gidaje uku sun taru a cuta ɗaya: katanga ta tsage, jini ya ɗauko baƙo, ƙwaƙwalwa ta biya. Cikin waɗanda suka tashi akwai waɗanda suka tashi kurame, kuma ba su sake ji ba, domin ƙwayoyin ji na cikin kunne ba sa sake tsirowa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da wuyan da ya ƙi sunkuyawa, ko jaririn da maɗigarsa ta kumbura, ba abin da za a ce a bari a gani zuwa gobe ba ne. Sa'o'i ake ƙirgawa. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai tare nau'i biyar na ƙwayar cutar. Wanda ya ji masu allurar sun zo garinsu ya ɓuya, ya cuci kunnensa.

Shan inna ma a saƙar saƙo take aikinta. Ba ta taɓa ƙafa ko kaɗan, ƙwayoyin laka masu ba ƙafar umarni take kashewa, tsokar da ta daina jin kira kuma sai ta shanye. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020, amma ana ci gaba da ɗiga wa yara maganin saboda wani nau'inta yana ɓulla inda aka bar yara ba rigakafi.

Sai gubar dalma. A 2010 aka gano yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta sauka a ƙasan da yara ke rarrafe. Fiye da yara 400 suka rasu, wasu da suka rayu sun rayu da makanta ko raunin ƙwaƙwalwa. Jiki yana ɗaukar dalma a matsayin sinadarin gina ƙashi, sai ya adana ta a ƙashi shekaru da yawa, ranar da yarinya ta girma ta yi ciki gubar ta fito ta shiga ɗan tayin. Samarin Ƙaura da Zurmi da ke tafiya wuraren haƙar zinariya neman na kansu su sani cewa ƙurar tana bin riga da takalmi da gashi. A yi wanka a sauya kaya kafin a shiga gida a ɗauki jariri, dutsen kuma kada ya ƙetare zaure. Kwallin gargajiya na dutse da ake ranɓaɗa wa jarirai shi ma sau da yawa dalma ce.

Abin da matashi ke yi wa ƙwaƙwalwarsa da hannunsa ya fi waɗannan yawa. Gaban ƙwaƙwalwa, inda ake auna abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. A kan wannan ɗanyen gini ne wasu ke zuba sholisho da tiramol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi a maganin tari tun 2018. Ga kuma babur. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, da 'yan acaɓan da ke ɗaukarsu, duk sun san hular kwano, sai dai a kan tanki take zama ko a gida. Ƙoƙon kai ƙashi ne, zai ɗoru. Abin da ke cikinsa laushinsa bai wuce na awara ba. In kuma hatsari ya faru, taimakon gaggawa irin namu, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa a naɗe mutum a cusa a bayan mota, yakan ƙarasa tsinka lakar da faɗuwar ba ta tsinka ba. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, a kan ƙyaure ko faffaɗan katako ake ɗaukarsa, wani ya riƙe kansa kada ya juya. Allurar ɗuwawu a hannun wanda bai koya ba ita ma ta bar yara da dama suna jan ƙafa, saboda babbar jijiyar saƙon ƙafa ta nan ta bi.

Akwai cuta ɗaya da ke cin gidajen nan bi da bi a fuskar yaro, ita ce noma, wadda wasu ke kira ciwon iska. Yara 'yan shekara 2 zuwa 6 take kamawa, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Daga ɗan gyambo a dasashi take farawa, baki ya yi wari, kunci ya kumbura, cikin mako ɗaya ko biyu ta huda shimfiɗa, ta ci tsoka, ta kai ƙashi. Mafi yawan yaran da ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, inda likitoci ke ɗebo fata da tsoka daga wani sashen jiki su sake gina kunci da leɓe, sau da yawa tiyata bayan tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamban 2023. Amma a kwanakin farko, tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci sun isa su tsayar da ita.

A gidajen Shinkafi da Zurmi da Ƙaura, ba likita ne ke fara ganin bakin yaro ba, ba ma uwa ba ce wani lokaci. Yayarsa ce mai goyonsa, ko wansa da ke ba shi loma. Mai karatu da ke da ƙane ɗan ƙasa da shekara shida ya ɗaga masa leɓe yau da rana ya duba dasashin. In ya ga ja da kumburi, ko jini, ko ya ji wari, ya gaya wa manya, kuma kada ya yarda a ce a jira ranar kasuwa.